Ranar da Motar Baba Ta Yi Shiru

Ƙiiiiii!

Auta ba ta ma taka birkin da ƙarfi ba. Ɗan taɓawa kawai ta yi a ƙofar asibitin ido, amma ƙarar da ta tashi sai da ta sa maigadi ya toshe kunne, matan da ke zaune a benci suka juyo suna ƙunshe dariya. Mota baƙa wul, doguwa, mai kujerun fata, irin wadda ake bi da kallo har ta ɓace, ga ta tana kuka kamar ƙofar da ta shekara ba ta ga mai ba.

Baba ya damƙe mariƙin ƙofa, bakinsa na motsi. Sai da motar ta tsaya cak sannan ya saki numfashi.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Ba shekaranjiya kika kai ta gareji ba?"

"Na kai, Baba."

"To mene ne wannan? Ko kunnen nawa ma ya bi idon?"

Ta sunkuyar da kai, ko da yake ta san ba ganinta yake yi sosai ba. "Zan mayar masa da ita idan na sauke ka a gida."

"Ki mayar," in ji shi da gajiyayyar murya. "Ki ce masa na gaji."

Wanda ya ga fuskar Auta a lokacin zai rantse damuwa ce a kanta. Ni da na san ciki da waje, na san zuciyarta tsalle take yi.

Ga yadda abin yake. Baba ya yi aiki tun ƙuruciya har furfura, ya ajiye aiki ya sayi motar da ya daɗe yana mafarki. Bai gama jin daɗinta ba idonsa ya fara dushewa, likita ya hana shi tuƙi. Uwar yaransa ta rasu, manyan sun watse gidajensu, sai Auta ta ajiye nata aikin ta zama direbansa, ta zama idonsa. Ita ke karanta masa sunan magani, ita ke gaya masa inda matakala take.

Motar kuwa mutum ɗaya Baba ya yarda ya taɓa ta, wani makanike da kowa ke kira Dogo. Mahaifin Dogo ne ke gyara wa Baba motoci tun Baba yana hawa gwangwani, da ya rasu ɗan ya gaji garejin da amanar duka. A kai mota a ɗauko mota, ido ya saba da ido, har Dogo ya yi ƙarfin halin zuwa gida ya faɗi abin da ke ransa.

Baba bai ɗaga murya ba ranar. Cewa ya yi, "Motata na ba ka amana, ban ce har da 'yata ba. Kada ka kira ta, kada ka aiko mata da saƙo. Tsakaninka da ita mota ce kawai."

Dogo ya yi alkawari, ya kuma riƙe shi. Ko sau ɗaya wayar Auta ba ta nuna sunansa ba.

To amma tsoho ya bar ƙofa a buɗe bai sani ba. Ya ce tsakaninsu mota ce, mota kuwa sai ta ƙi lafiya.

* * *

Tun daga kwanar layin garejin ta fara ɗan tattaka birkin. Ƙii, ƙii, ƙiiii. Dogo yana kwance a ƙarƙashin wata motar kaya, ƙafafunsa kawai ake gani, amma kafin ta gama tsayawa ya riga ya turo kansa waje yana goge hannu da tsumma.

Da can murmushi yake tarbarta da shi. Yau babu.

Ya kafa jak, ya ɗaga gaban motar, ya kwance notin taya ɗaya bayan ɗaya yana jera su a kan murfin bokiti. Ta zauna a bencin katakon da ya saba shimfiɗa mata kwali a kai don kada baƙin mai ya ɓata mata kaya. Yau ma kwalin na nan.

"Ba ka gaishe ni ba," in ji ta.

"Sannu da zuwa."

"Haka kawai? Kamar mai kawo gyaran keke?"

Ya ciro tayar ya jingine ta. Sannan ya miƙe ya buɗe akwatin kayan aikinsa, ya ɗauko wani tsumma da aka naɗe, ya warware shi a gabanta. Wasu siraran faranta ne na ƙarfe a ciki, kowanne bai kai tafin hannu ba. Su ake sakawa a bayan takalmin birki a shafa musu giris, don kada ƙarfe ya gogi ƙarfe ya yi ƙara. Idan babu su birki yana kamawa sarai, kuka kawai yake yi.

Auta ta san su. Ita ce ta riƙe su a hannunta ranar farko, tana dariya tana cewa, "Idan ka manta da waɗannan fa? Ai dole gobe in dawo." Wasa ne ta fara da shi, wasan ya zama abinci.

"Yau zan mayar da su," in ji Dogo.

Ta ɗago kai da sauri. "Me ka ce?"

"Kin ji ni, Auta. Na gaji da ƙarya. Kullum in kwance taya, in hure ƙura, in mayar, in ce a gaya wa Baba an duba. Mahaifina bai koya mini haka ba. Idan na ɗauki sufanarsa sai in ji kamar yana tsaye a kaina."

"To idan ka mayar da su, da me zan zo?"

Ya juya wajen motar da tsumman a hannu.

"Tambayarka nake yi! Da me zan zo? In ce wa Baba na zo sayen me a gareji? Kai ka yi alkawarin ba ka kira, ba ka aike. Ni da nake zaune a gidan nan daga ɗakin Baba sai kicin, Gwaggo a kaina safe da yamma tana yi mini waƙar in auri Manajan nan ɗan ƙawarta, ka san abin da ke riƙe da ni? Wannan ƙarar. Idan na taka birki na ji ta, sai in san ina da inda zan je."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Kada ki yi mini kuka a nan," ya faɗa a hankali. "Kin san ba na iyawa."

"Ai dama ka gaji da ni. Faɗi gaskiya. Ka ga babu ranar da Baba zai sauko, ka ce gara ka sallame ni da hannunka, ka yi mini gyara mai kyau in tafi."

"Wallahi ba haka ba ne."

"To yaya ne?"

Ya durƙusa a gaban bencin, nesa da ita kaɗan, hannuwansa baƙi ƙirin da mai. "Tun daga kwanar can nake jin zuwanki. Duk motocin da ke wucewa a titin nan, kunnena naki kawai yake jira. Kina ganin ni ba zan rasa komai ba? Amma mutumin nan ba ya gani, Auta. Abin da muka gaya masa shi ne gaskiyarsa. Idan da yana gani, da sai in ce wayo muka yi masa. Yanzu ban san sunan abin da muke yi ba."

"So ne sunansa."

"So ba ya hana abu zama cuta."

Ta rufe fuska da mayafi tana shessheƙa. Can ta ɗago, idanunta jajur.

"Sau ɗaya tak. Ka bar mini na yau. Idan na sake dawowa, ni da kaina zan miƙo maka su ka saka. Ina so in shirya zuciyata ne kawai. Don girman Allah, Dogo."

Ya dube ta, ya dubi farantan. Da a ce namiji yana da wayo a gaban hawayen macen da yake so, da labarin nan ya ƙare a nan, kowa ya huta. Ya naɗe tsumman, ya mayar cikin akwati, ya ɗauki tayar ya ɗaura.

Ta fita daga garejin tana ƙii, ƙii, har da ɗan murmushinta.

* * *

Farar motar da ta gani a ƙofar gida ce ta fara kashe mata murmushin.

Manaja yana zaune a falo, ƙafa ɗaya kan ɗaya, ƙamshin turarensa ya cika ko'ina. Shi ne shugaban babban kamfanin da ke sayar da irin motar Baba da gyaranta, ɗan ƙawar Gwaggo ne kuma. Ba mummuna ba ne, ba shi da rashin kunya, kuma bai taɓa gaya wa Auta magana marar daɗi ba. Laifinsa ɗaya a wurinta, shi ba Dogo ba ne.

Gwaggo, yayar Baba da ta dawo gidan da zama tun rasuwar mijinta, ta tarbe ta tun daga ƙofa.

"Ga sarauniyar 'yan gareji ta dawo! Tun daga bakin titi muka ji isowarki, ba sai an yi sallama ba. To yaya, likitan motar ya ce sai an sake kwantar da ita?"

"Ya ce ƙura ce, Gwaggo."

"Ƙura! Wannan ƙura da ta fi ƙarfin mutum, ai sai a kira mai shara."

Manaja ya yi ɗan murmushi, ya juya wajen Baba. "Baba, ni ban so in sa baki ba, kada a ce don wani abu ne. Amma ruwa ba ya tsami banza. Motar nan ba a yi ta don ta yi ƙara ba. A bar mu mu duba ta, ko don lafiyar mai tuƙa ta."

Baba ya sunkuyar da kai. Auta tana kallon yatsunsa suna murza kan sandarsa.

"Tun mahaifin yaron nan ban taɓa kai mota wani wuri ba," in ji shi. "Amma rai ya fi kunya. Auta, ki bi shi da ita gobe da safe."

"Baba, ai Dogo ya ce idan na sake kai…"

"Na ce ki bi shi."

Ta shiga ɗaki ta ɗauki waya. Ta nemo sunansa, ta zuba masa ido. Kira ɗaya ya isa ya ce ta biyo da motar ya mayar da farantan kafin ta wuce kamfani. Ta danna. Wayar ta yi ta ringi har ta katse. Ta sake, ta sake. Dogo yana ganin sunanta, amma ya yi wa Baba alkawari, shi kuma a tunaninsa alkawarin waya ne kaɗai ya rage masa da bai karya ba.

Da safe kuwa Manaja da kansa ya zo, ya sa ta a gaba har kamfanin.

* * *

Wurin ba ya kama da gareji. Ƙasa fara fes, ma'aikata cikin kaya iri ɗaya, inji ya ɗaga motar sama gaba ɗaya ba jak ba dutse. Aka zaunar da Auta a ɗaki mai sanyi, aka kawo mata shayi. Ta bangon gilashi tana kallo aka cire tayoyin gaba, wani ma'aikaci ya leƙa da fitila, ya kira wani, su biyun suka kira Manaja.

Shayin ya huce a hannunta.

Manaja ya shigo ya rufe ƙofa, ya zauna nesa da ita.

"Birkinki lafiyarsa lau," in ji shi. "Takalman masu kyau ne, an kuma ɗaura su daidai. Duk wanda ya yi aikin nan ya san hannunsa. Shi ya sa abin ya ba ni mamaki. Akwai wasu faranta da ke hana ƙara, babu su, dama da hagu. Mantuwa takan faɗa gefe ɗaya. Wannan cire su aka yi."

"Ka saka wasu kawai," ta faɗa da sauri. "Ka saka, mu ce wa Baba an gyara. Ba sai ka gaya masa sauran ba."

Ya dube ta. Ya daɗe yana dubanta.

"Ba ki tambaye ni ko me ya sa za a cire su ba."

Ta kawar da kai.

"Ashe kin sani," ya faɗa a hankali, murmushin fuskarsa ya gudu. "Ni ina zuwa gidanku ina zama kamar gunki, ana ce mini kin tafi gyaran mota. Ashe motar ce 'yar aike."

"Don Allah, ka rufa mana asiri. Ban taɓa roƙonka komai ba."

"Gaskiya ne, ba ki taɓa ba. Na so a ce abin da za ki fara roƙona ya zama wani abu daban." Ya miƙe ya gyara rigarsa. "Mai mota ya ce in kira shi in gaya masa abin da na gani, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, waɗanda ake yi masa sun ishe shi. Abin da na gani a taya shi zan faɗa. Abin da na gani a fuskarki kuwa ba aikin kamfani ba ne."

Ya fita yana danna waya.

Da ta ɗauki motar ta nufi gida, ta taka birki a mahaɗar farko. Shiru. Motar ta tsaya lumui kamar an ɗora ta a kan auduga. A nan Auta ta kifa kai a sitiyari ta fashe da kuka, har na baya suka dame ta da ham.

* * *

Da la'asar Baba ya sa aka kira Dogo.

Ya zo cikin wankakkun kaya, amma baƙin man da ke gefen faratansa bai fita ba. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa. Gwaggo ta hakimce a kujera tana karkaɗa ƙafa, Auta tana tsaye a jikin labule. Manaja bai zo ba, ya dai san aikinsa ya gama.

"An ce mini akwai abin da babu a motata," in ji Baba. "Yana ina?"

Dogo bai yi musu ba. Ya zaro tsumman daga aljihu, ya matso da gwiwa, ya warware shi a tafin hannun Baba.

Baba ya shafa farantan da yatsu, ɗaya bayan ɗaya, ya juya su, ya shinshina.

"Har ka goge su ka shafa musu mai don kada su yi tsatsa," in ji shi. "Aikin mahaifinka ke nan, ba ya wulaƙanta ƙarfe. 'Yan waɗannan abubuwan ne suka hana ni sukuni?"

"Baba, wallahi birkin bai taɓa samun matsala ba. Da akwai haɗari ko na ƙwayar zarra, da ban bari ta fita da ita ba."

"Kai ka san haka. Ni na sani?"

Baba ya damƙe farantan a hannu, ya ci gaba.

"Kana tsammanin dariyar mutane ce ta dame ni? Na wuce nan. Ni ba na ganin titi, yaro. Ina zaune a gefe, duhu-duhu kawai nake gani, sai in ji ƙarfe yana kuka a ƙarƙashina, 'yata a kan sitiyari. Duk takawar da za ta yi sai na ce yau ce ranar da zai ƙi kamawa. Idan ta fita ita kaɗai ta kawo maka, nan nake zama a kujerar nan, ba na cin abinci, ina kasa kunne har sai na jiyo ta a ƙofa. Ka san sau nawa na binne yarinyar nan a zuciyata?"

Auta ta toshe baki da labule. Sau nawa ta ga hannunsa a mariƙin ƙofa, bakinsa na motsi, ta ɗauka tsufa ne kawai.

"Rana dubu ta ɓarawo," in ji Gwaggo. "Ni dama tun farko na ce…"

"Yaya, don Allah."

Gwaggo ta tsuke baki.

"Yaya ga ki nan, ke ce shaidata," Baba ya ci gaba. "Me na gaya miki a ɗakin nan kwanan baya, har kika yi fushi kika ƙi cin abincin rana?"

Gwaggo ta kawar da kai. "Ka ce za ka sauko."

"Ki faɗa da ƙarfi su ji."

"Ka ce za ka aika ya turo manyansa!"

Dogo ya ɗago kai a karo na farko.

"Na hana ka ne don in ga irin riƙonka," in ji Baba. "Na ce kada ka kira, ba ka kira ba. Na ce kada ka aiko, ba ka aiko ba. Na ce wa Yaya, mutumin da ya riƙe maganar makaho a inda makahon ba zai iya kama shi ba, shi zan bar wa Auta idan na tafi. Har ƙarar nan ina ba ka uzuri, ina cewa mota ce ta zamani, ta fi ƙarfin kayan aikinsa, ba laifinsa ba ne. Jira nake ka gama da ita in kira ka."

Dogo ya mayar da kansa ƙasa, Baba ya juyo da fuska wajensa.

"Tambaya ɗaya zan yi maka, ka yi tunani kafin ka amsa. Kai kaɗai ka shirya wannan, ko da sanin wani?"

Auta ta buɗe baki. Kafin iska ta fito, Dogo ya riga ta.

"Ni kaɗai ne, Baba. Ba ta san komai ba. Abin da na gaya mata shi take kawo maka."

Baba ya gyaɗa kai a hankali. Sannan ya juya fuskarsa daidai inda labulen yake, kamar mai gani.

"Auta, haka ne?"

Ga gaskiya a bakinta, ga ƙaryar da Dogo ya shimfiɗa mata don ta taka ta wuce. Idan ta ce e, ta bar shi a wuta shi kaɗai. Idan ta ce a'a, ta mayar da shi maƙaryaci sau biyu a gaban Baba. Ta tsaya tana auna su, tana neman wadda ba ta da ƙaya, agogon bango yana ta tafiya.

"Ya isa," in ji Baba. "Na ji."

"Baba, ban ce komai ba…"

"Shi na ji. Yarinyar da ba ta sani ba, da tuni ta yi rantsuwa ta cika ɗakin nan da ihu. Tun kina cikin zani na san shirunki."

Ta zube a gabansa ta kama ƙafarsa. "Ni ce, Baba! Ni na ce ya cire, ni na hana shi mayarwa. Jiya ma sai da ya fito da su, na yi masa kuka. Ka hukunta ni, shi ba shi da laifi. Wallahi ban san kana jin tsoro ba, da na sani…"

"Da kin duba gefenki, da kin sani. Ke ce idona, Auta. Idan kika ce mini ga rami, tsallakawa nake yi. Idan kika ce babu, takawa nake yi. Yanzu idan kin ce babu, yaya zan yi?"

Ta kifa kai a ƙafarsa tana kuka.

Baba ya naɗe farantan cikin tsummansu ya miƙa wa Dogo.

"Na farkon, da zan iya cewa ƙuruciya ce da son zuciya, wata rana in huce. Shi ya sa na buɗe maka ƙofa yanzu, na ce ka yi tunani. Ka dubi fuskata, ka san ba na ganin taka, ka sake yi mini wata. Na san don ita ka yi. To haka za ku zauna ke nan, kai kana rufa mata, ita tana rufa maka, ni ina tsakiya ina cewa Alhamdulillahi. Karɓi kayanka."

"Baba, ka yafe mini."

"Na yafe maka, saboda mahaifinka. Amma motata ba za ta sake zuwa wurinka ba, 'yata ma haka."

Dogo ya karɓi tsumman da hannu biyu. Ya miƙe, ya kai ƙofa, ya tsaya yana neman takalminsa da ƙafa kamar shi ne ba ya gani. Auta ta bi shi da ido tana jira ya waiwayo ko sau ɗaya. Ya saka takalmin ya fita.

Gwaggo ta gyara zama. "To, tunda Allah ya raba mu da wannan, sai a yi maganar yaron kirki…"

"Ba zan ba kowa ita ba, Yaya," in ji Baba. "Ta zaɓa da kanta idan ta ga dama. Ni na daina zaɓe, tunda wanda na zaɓa ga yadda ya yi."

* * *

Ranar komawa asibiti ta zagayo. Auta ta riƙe hannun Baba har mota, ta ce masa ga matakala. Ya tsaya, ya laluba da sandarsa tukuna, sannan ya taka. Bai taɓa yin haka ba, kuma ya fi mari zafi.

Hanyar asibiti ta gaban garejin take bi, babu wata. Tun daga nesa ta hango cunkoso, wata babbar mota tana juyawa ta tare titi, kuma inda layin ya tsayar da ita daidai ƙofar garejin ne.

Yana nan. Ya ba titi baya, ya sunkuya cikin injin wata tsohuwar mota. Bencin katakon yana inda yake, babu kwali a kai.

Ta taka birki. Motar ta tsaya ba ko tari.

Ta ɗan saki, ta sake takawa. Ta sake, da ƙarfi, har kan Baba ya ɗan yi gaba. Ko ƙis. Dogo ya miƙa hannu ya ɗauki sufana a kan bonet, ya mayar da kansa cikin injin. Tsakaninsu bai fi a yi magana a ji ba, amma kunnensa ba shi da abin da zai jira.

Tafin hannunta ya sauka a kan ham. Dannawa ɗaya ya isa ya juyo.

"Nan ne garejin, ko?" in ji Baba, fuskarsa na kallon gaba. "Na ji ƙanshin man."

"Nan ne, Baba."

"Yana nan?"

Da a da ne, ta san abin da za ta ce.

"Yana nan."

"Ya gan ki?"

"Bai gan ni ba."

Baba ya jingina da kujera. Hannunsa yana kan cinyarsa, bai nemi mariƙin ƙofa ba, bakinsa ba ya motsi. Rabon da ta gan shi zaune cikin motarsa hankali kwance haka har ta manta.

Babbar motar ta gama juyawa, na gaba suka fara tafiya.

"Hanya ta buɗe ne?" in ji Baba.

"Ta buɗe."

"To mu je."

Auta ta janye hannunta daga kan ham, ta ɗaga ƙafa daga birki. Motar ta zame ta wuce ƙofar garejin, ba wanda ya ji wucewarta.